Yadda muryoyin da aka naɗa ke cinye ma'adanar kwamfuta, da hanyoyin magance matsalar

Duk wanda aikinsa ya shafi sauraron muryar da aka naɗa yana mayar da ita rubutu, ko ɗan jarida ne, ko ɗalibin jami'a mai tattara bayanan bincike, ko sakataren da ke rubuta bayanin taro, ko almajirin da ke rubuta karatun malaminsa, akwai ranar da kwamfutarsa za ta sanar da shi cewa ma'adanarta ta cika. Sanarwar kan zo ne a daidai lokacin da aiki ya yi zafi. Manhaja ta ƙi buɗe sabon fayil, kwamfuta ta yi nauyi, wani lokacin ma a kasa adana rubutun da aka shafe awanni ana yi.

Abin da mutane da dama kan yi a irin wannan hali shi ne su shiga goge fayiloli cikin gaggawa, kuma a nan ne ake tafka asara. Hirar da aka yi da dattijon da ya riga mu gidan gaskiya, ko furucin wani jami'i da zai iya musantawa gobe, idan aka goge su babu inda za a sake samo su. Matsalar ke nan mai fuska biyu: wurin ajiya yana da iyaka, wasu muryoyin kuma ba su da madadi. Sanin yadda girman fayil ɗin sauti ke samuwa, da inda manhajoji ke ɓoye kwafinsa, shi ne matakin farko na raba abin da za a goge da abin da za a riƙe.

Me ya sa fayil ɗin sauti ke da nauyi?

Na'urar naɗar murya tana aiki ne ta hanyar auna ƙarfin sauti sau dubbai a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo a matsayin lamba. Abubuwa uku ne ke yanke girman fayil ɗin: yawan awon da ake yi a daƙiƙa, da yawan bit ɗin da ake kashewa wajen rubuta kowane awo, da kuma yawan hanyoyin sauti, wato ko hanya ɗaya ce da ake kira mono, ko biyu da ake kira sitiriyo.

A ma'aunin faifan CD, ana yin awo 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16, a hanyoyi biyu. Idan aka lissafa, daƙiƙa ɗaya na cin bait 176,400, minti ɗaya na cin kimanin megabait 10.6, awa ɗaya kuma kimanin megabait 635. Ana taƙaita megabait da MB, gigabait kuma da GB, kuma MB 1,000 ne ke ba da GB ɗaya. Idan aka saita na'ura a kan awo 48,000 da bit 24 a hanyoyi biyu, kamar yadda ƙwararrun masu ɗaukar sauti ke yi, awa ɗaya za ta haura GB ɗaya da kaɗan.

Irin wannan sauti da ba a matse ba ana adana shi ne galibi a tsarin WAV, wanda kamfanonin Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991. Tsarin yana da wata iyaka da ya kamata a sani: fayil ɗaya ba ya wuce GB 4. A ma'aunin CD, wannan ya yi daidai da naɗin da bai kai awa bakwai ba. Haka nan katin ajiya ko filash ɗin da aka tsara a kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya haura GB 4, ko da kuwa akwai sauran wuri a cikinsa.

Rubutun da ake fitarwa daga maganar awa ɗaya kuwa, idan aka adana shi a matsayin rubutu zalla, da wuya ya kai kilobait 100. Ma'ana, muryar ta ninka rubutunta sau dubbai. Saboda haka wanda ya shiga goge rubuce-rubucensa don ya samu wuri yana wahalar banza ne, domin nauyin duka yana wajen sautin.

Inda kwafin ke ɓuya

Da a ce kowace hira fayil ɗaya ce tak, da matsalar ta zo da sauƙi. Amma manhajojin da ake wannan aiki da su kan ƙirƙiri nasu kwafin, sau da yawa ba tare da mai aikin ya lura ba.

Manhajojin sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ke taimaka wa mutum ya saurara ya rubuta da hannunsa, kamar Express Scribe ta kamfanin NCH Software na ƙasar Ostareliya, wadda ke ba da damar rage saurin magana da dakatar da ita da fedar ƙafa. Idan aka loda mata fayil, takan ajiye kwafinsa a cikin tata foldar. Idan aka gama aiki aka danna alamar kammalawa, fayil ɗin kan fita daga jerin ayyukan da ke gaban mutum, amma yakan ci gaba da zama a wata folda ta ayyukan da aka gama, domin a iya dawo da shi idan buƙata ta taso. Wannan tanadi ne mai kyau, sai dai idan aka manta da foldar takan yi ta kumbura.

Kaso na biyu su ne manhajojin da ke sauraron magana su rubuta da kansu. Fitacciya a cikinsu ita ce Whisper, wadda kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar a watan Satumbar 2022, bayan an horar da ita da sauti na awa 680,000. Hausa na cikin harsunan da take ganewa, duk da cewa ƙwarewarta a Hausa ba ta kama ƙafar ta Ingilishi ba. Wanda ke son amfani da ita a kan kwamfutarsa ba tare da intanet ba sai ya sauke fayil ɗin ƙwaƙwalwarta, kuma ƙwaƙwalwar hawa-hawa ce: mafi ƙanƙanta kimanin MB 75, matsakaiciya kimanin GB 1.5, babba kuma kusan GB 3. Wanda ya sauke dukkan manyan nau'o'inta biyar don gwaji ya kashe kimanin GB 5 tun kafin ya rubuta kalma ɗaya, kuma fayilolin kan zauna ne a ɓoyayyiyar folda. Bugu da ƙari, wasu manhajojin da aka gina a kanta sukan fara juya kowane sauti zuwa sabon fayil ɗin WAV kafin su soma aiki, ba duka ba ne kuma ke share shi bayan sun gama.

Sai kuma manhajar gyaran sauti. Mutane da yawa kan bi ta Audacity, wadda kyauta ce, don rage hayaniya ko ƙara ƙarfin murya kafin su fara rubutu. Audacity tana riƙe sautin da take aiki a kansa da bit 32, wato ninki biyu na ma'aunin CD, don haka awa ɗaya ta sitiriyo kan ci kimanin GB 1.27. Tana kuma adana tarihin kowane gyara domin a iya komawa baya, kuma wannan tarihi ba ya sakin wurin da ya ci sai an rufe aikin. Tun daga sigarta ta uku da ta fito a 2021, duk wannan yana taruwa ne a cikin fayil ɗaya mai ƙarshen suna aup3.

Idan aka haɗa lissafin hira ɗaya ta awa guda, abin zai ba da mamaki. Fayil na asali MB 635, aikin Audacity MB 1,270, sautin da aka gyara aka fitar MB 635, kwafin manhajar rubutu MB 635, sai kwafin wucin gadi na manhaja mai rubuta da kanta MB 115. Jimilla kimanin GB 3.3, wato fiye da ninki biyar na asalin. Hira 20 irin wannan za su cinye GB 66. A kwamfutar da aka sayar da sunan mai GB 256, wadda Windows ke nunawa a matsayin kimanin 238 saboda bambancin hanyar ƙirga, wannan ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na ma'adanar, ban da wurin da Windows da sauran manhajoji suka riga suka ci. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Wane inganci magana ke buƙata?

Mafi yawan wurin da ake asara yana tafiya ne wajen adana ingancin da aikin rubutu ba ya buƙata. Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da masana biyu, Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda ta nuna cewa kafin a kama wani sauti daidai, sai yawan awon ya ninka yawan kaɗawar sautin sau biyu. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa har sau 20,000 a daƙiƙa, shi ya sa aka zaɓi awo 44,100 don kiɗa da waƙa. Muryar mai magana kuwa ba ta buƙatar wannan faɗin. Tsohuwar wayar tarho da awo 8,000 kacal take aiki, kuma ana fahimtar juna a kanta.

Amma saukowa har zuwa 8,000 yana da illa ga mai rubutu. Ƙarfin baƙaƙe irin su s, sh, ts da f yana can sama ne, kuma da yawansa kan yanke a wannan ma'auni, shi ya sa ake yawan cewa a maimaita suna ko lamba a waya. Awo 16,000 yana kama sautin da ke kaɗawa har sau 8,000 a daƙiƙa, kuma wannan ya wadatar wajen rarrabe baƙaƙen. Karin sautin Hausa, wanda ke bambanta ma'anar kalmomi masu rubutu iri ɗaya, yana ƙasa-ƙasa ne a muryar, don haka ragin bai shafe shi ba. Ita kanta Whisper takan mayar da duk sautin da aka ba ta zuwa awo 16,000 a hanya ɗaya kafin ta saurare shi. Ba ta ƙaruwa da komai daga abin da ya haura hakan.

Awa ɗaya a ma'aunin awo 16,000, bit 16, hanya ɗaya, tana cin MB 115 ne, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na ma'aunin CD. Inda ake buƙatar hanyoyi biyu shi ne idan an ba kowane mai magana makirufonsa a hanya daban, domin hakan yana taimakawa wajen gane wanda ya faɗi me idan muryoyi suka haɗu.

Matse fayil iri biyu ne

Bayan rage ma'auni, akwai matsewa. Nau'in farko ba ya zubar da komai. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage girman WAV zuwa kusan rabi ko kashi biyu cikin uku, kuma idan aka warware shi sautin yana dawowa daidai yadda yake, babu ragi ko na bit ɗaya. Wannan ya dace da ajiye fayil na asali.

Nau'i na biyu yana zubar da sassan sautin da kunne bai cika lura da su ba. MP3, wanda cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ta taka babbar rawa wajen ƙirƙirarsa a farkon shekarun 1990, shi ne aka fi sani. A kilobit 128 a daƙiƙa, awa ɗaya na cin kimanin MB 58, a kilobit 64 kuma kimanin MB 29, kuma wannan ya ishi magana mai hanya ɗaya. Tsarin Opus, wanda aka amince da shi a 2012 kuma da shi WhatsApp ke aika saƙon murya, ya fi MP3 iya riƙe magana a ƙaramin wuri. A kilobit 32, awa ɗaya na cin kimanin MB 14.

Misali zai ƙara fito da bambancin. A ɗauka an naɗi tafsirin watan azumi, awa biyu kullum har kwana 30, jimilla awa 60. A ma'aunin CD zai ci kimanin GB 38. A awo 16,000 mai hanya ɗaya zai ci kimanin GB 7. A MP3 mai kilobit 64 kuwa bai kai GB 2 ba. Girman fayil yana da tasiri har a kan kuɗin data da kuma yiwuwar aikin kansa. Hanyar da OpenAI ta buɗe wa masu haɗa manhajoji don tura wa Whisper sauti ta intanet tana karɓar fayil ɗin da bai wuce MB 25 ba. A ma'aunin CD wannan bai kai minti biyu da rabi ba, amma a kilobit 64 ya haura minti 50.

Sai dai akwai sharaɗi. Abin da MP3 ko Opus suka zubar ba ya dawowa. Mayar da MP3 zuwa WAV yana ƙara girman fayil ne kawai, ingancin yana nan inda yake. Sake matse abin da aka riga aka matse kuma yana ƙara lalata shi, kamar yadda takarda ke dusashewa idan aka yi ta ɗaukar hotonta daga hoton da ya gabata. Don haka a kullum daga fayil na asali ake fitar da ƙaramin kwafin aiki.

Haka batun yake ga bidiyo. Minti ɗaya na bidiyon waya mai inganci na iya haura MB 100, alhali muryar da ke cikinsa ba ta wuce MB ɗaya ko biyu ba. Manhajoji na kyauta irin su VLC da FFmpeg suna iya zare muryar kaɗai, sai a loda wa manhajar rubutu ita, a bar bidiyon a wata ma'adana.

Tsarin aiki da ke hana cikar ma'adana

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsarin da ya fi amfani shi ne wanda aka shimfiɗa tun kafin ma'adana ta cika, kuma ginshiƙinsa shi ne a raba fayiloli gida uku: na asali, na aiki, da na wucin gadi.

Fayil na asali shi ne wanda ya fito daga na'urar naɗa. Da zarar an sauke shi, a ba shi suna mai ɗauke da kwanan wata da batun hirar, a kwafe shi zuwa faifan ajiya na waje, kuma kada a yi gyara a kansa. Fayil na aiki shi ne ƙaramin kwafin da aka fitar don rubutu, kuma shi kaɗai ya kamata ya zauna a kwamfuta. Na wucin gadi su ne duk abin da manhajoji suka haifar a hanya, kuma su ne farkon abin gogewa idan aiki ya kammala.

Daga nan sai a leƙa saitin manhajar rubutun. Express Scribe, alal misali, tana da sashe na musamman kan amfani da ma'adana, inda ake zaɓar foldar da za ta riƙa ajiya, da yawan kwanakin da ayyukan da aka gama za su yi kafin ta share su da kanta, da kuma matakin da za ta yi gargaɗi idan wuri ya kusa ƙarewa. Wajen zaɓar kwanakin, abin dubawa shi ne tsawon lokacin da edita ko malami mai duba bincike ko mai aikin kan ɗauka kafin ya dawo da tambaya. Wannan ya fi muhimmanci ga rubutun Hausa da na'ura ta yi, domin sai mutum ya bi shi da kunne ya gyara kurakuransa, kuma ba za a iya gyaran ba idan muryar ta tafi.

A Windows, fayil ɗin da aka goge yana komawa kwandon shara ne, kuma yana ci gaba da cin wuri har sai an zubar da kwandon. Akwai kuma wani saiti mai suna Storage Sense da ke share fayilolin wucin gadi da na kwandon lokaci-lokaci. Ana iya umartarsa ya riƙa share foldar abubuwan da aka sauke daga intanet, kuma a nan ake buƙatar hattara, domin mutane da yawa a can suke barin muryoyin da aka turo musu. Ya kamata kuma a san cewa a kwamfutocin zamani masu ma'adanar SSD, dawo da fayil ɗin da aka goge gaba ɗaya yana da matuƙar wuya, saɓanin tsofaffin faifai masu juyawa.

Ajiya a intanet tana taimakawa, amma tana da iyaka. Google yana ba da GB 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa a tsakaninsu, OneDrive na Microsoft kuma GB 5. Sannan foldar da aka haɗa da intanet madubi ce, abin da aka goge a kwamfuta yakan goge a can. Shi ya sa masu adana bayanai ke bin ƙa'idar nan ta 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'adanai iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. A inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, ga zafi da ƙura da ke gajarta rayuwar na'urori, dogaro da faifai ɗaya kasada ce.

Me za a riƙe, me za a goge?

Tarihi ya nuna illar gogewa don neman wuri. A shekarun 1960 da 1970, BBC ta goge faya-fayan shirye-shiryenta da dama domin ta sake amfani da su, ciki har da sassa masu yawa na wasan kwaikwayon Doctor Who. A 2013 aka sanar da gano sassa tara da suka ɓata a wata tashar talabijin da ke Jos, inda kwafinsu ya shafe shekaru a ajiye. Abin da ya cece su shi ne akwai kwafi a wani wuri daban. Wasu sassan da dama har yau ba a gan su ba.

Saboda haka muryoyin da ke da darajar tarihi, kamar hira da dattawa kan tarihin gari, ko karatun malamai, ko waƙoƙin baka, ba a rage musu inganci. Ƙungiyar masu adana sauti da bidiyo ta duniya, IASA, tana ba da shawarar a adana irinsu da aƙalla awo 48,000 da bit 24, ba tare da matsewa mai zubar da komai ba. Haka nan ɗan jarida yana buƙatar muryar asali a duk labarin da ka iya jawo musu ko shari'a. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya gindaya sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta, kuma fayil ɗin da ba a taɓa ba ya fi sauƙin karewa a kan wanda aka yi ta juyawa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai muryoyin da riƙe su ne laifi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta tanadi cewa kada a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da manufar tattara su ke buƙata. Muryar majinyaci, ko ta wanda ya ba da bayani a bincike bisa alƙawarin za a sakaya sunansa, tana cikin irin waɗannan bayanai. Wanda aka ba kwangilar rubuta irin wannan murya, idan ya miƙa aikin aka karɓa, wajibi ne ya bi duk inda kwafinta ya ɓuya ya share, har da foldar ayyukan da aka gama, da kwandon shara, da wayar da aka turo masa fayil ɗin ta cikinta.

Kafin a goge kowane fayil, tambayoyi biyu sun wadatar. Shin akwai kwafin asali a wani wuri, kuma an buɗe shi an tabbatar yana aiki? Shin an kammala duba rubutun, mai aikin kuma ya amince da shi? Idan amsar duka biyun e ce, a goge kwafin aiki da na wucin gadi ba tare da fargaba ba. Idan ɗaya daga ciki a'a ce, gara a nemi filash ko faifan waje a kwashe fayil ɗin, a dakata da gogewar har sai an samu tabbaci.